Babur Da Kayan Gona: Maganar Haƙoran Faifan Sarƙa

Jama'a manoma, kaka ta matso, kuma kun san aikin da ke jiran babur. Shi zai kwaso masara da dawa daga gona zuwa gida, shi zai kai buhu kasuwa, in rani ya yi kuma shi zai ɗauki taki da injin ban-ruwa zuwa fadama. Aikin da jaki ya yi wa iyayenmu, yau babur ke yi. Amma masu ƙera babur ba su san hanyar gonarka ba. Sun shirya shi ne domin mutum ɗaya ko biyu a kan hanya mai kyau. Shi ya sa za ka ga mutum ya ɗora buhu, ya shiga yashi, injin yana kuka, kuloci yana ƙauri, shi kuwa yana ta tura ƙasa da ƙafa. Sau da yawa injin lafiyarsa lau. Maganar tana ga faifan sarƙa.

Ku duba babur ɗinku. Sarƙa tana zagaye da faifai biyu masu haƙora. Ƙaramin yana gaba, jikin injin, a ɓoye cikin murfi. Babban yana baya, jikin taya. Injin ya juya ƙaramin, ƙaramin ya ja sarƙa, sarƙa ta juya babban, taya ta gangara. To, yawan haƙoran nan biyu shi ne ke raba wa babur ƙarfi da gudu.

Ga lissafin, ba shi da wuya. A ce faifan gaba yana da haƙori 14, na baya yana da 42. Raba 42 da 14, ka sami 3. Watau sai ƙaramin ya juya sau 3 kafin taya ta juya sau ɗaya. In lambar nan ta ƙaru, babur ya ƙara ƙarfin ja, gudunsa ya ragu. In ta ragu, ya ƙara gudu, ƙarfin ja ya ragu. Taura biyu ba ta taunuwa: abin da ka samu a nan, ka biya shi a can. Kada kuwa wani ya ruɗe ka da cewa canjin faifai yana ƙara wa injin ƙarfi. Ƙarfin injin yana nan yadda yake, yadda ake kashe shi ne ya sake.

Yanzu a ce ka cire mai haƙori 14 ka sa mai 13. Raba 42 da 13, ka sami 3.23. Ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru da wajen kashi 8 cikin 100, a kowace giya, tun daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Inda dā babur yake yin kilomita 60 a awa, yanzu da wannan kukan injin ɗin zai yi wajen 56. Ko kuwa ka bar na gaba yadda yake, ka sa mai haƙori 45 a baya. Raba 45 da 14, ka sami 3.21, kusan abu ɗaya ke nan. Daga nan sai ku riƙe wannan: haƙori ɗaya a gaba daidai yake da wajen haƙori uku a baya.

Kashi 8 cikin 100 kamar ba wani abu ba ne a takarda, amma wanda ya hau zai ji. Babban amfaninsa ga manomi yana wurin tashi da tafiya a hankali. Babur mai kaya, in giyar farko ta yi masa tsawo, ba ya iya rarrafe. Ko dai ka sake kuloci ya fizge ka, ko ka riƙe shi rabi da rabi kana murɗa totur, shi kuwa wannan riƙon shi ne ke cinye kuloci yana zafafa injin. In an rage masa gudu ta wurin faifai, sai ya tashi ba gardama, ya bi kunya-kunya da kwazazzabo a natse, ka sake kuloci gaba ɗaya injin bai mutu ba. Mutanen ƙasar yashi irin su Daura da Gumel da Maigatari, da masu shiga taɓon fadamar Haɗeja, da masu hawan tudu a Jos da Mambila, su ne wannan gyara ya fi yi wa rana.

Amma ba kowa ya kamata ya yi ba. Ɗan kasuwa ko akawu wanda kullum yana kan kwalta, ba kaya sai jaka, in ya sa mai 13 ya cuci kansa. Injinsa zai riƙa juyawa fiye da dā a kowace kilomita, ya sha mai, ya cika ƙara, hannu ya riƙa kaɗawa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ba mai son a ƙara masa shan mai ko na cokali. Irin wannan mutum, in zai taɓa, sai dai ya sa mai 15 a gaba. Raba 42 da 15, ka sami 2.8. Kilomita 60 ɗin nan ta zama 64, ko kuwa ya yi ta tafiyarsa a 60 injin yana hutawa.

A nan ne samari ke faɗawa rami. Yaro ya ji an ce babban faifai a gaba yana ƙara gudu, sai ya sa mafi girma da ya samu, ya kuma rage na baya. Ƙaramin injin irin na Bajaj Boxer ko Jincheng ba shi da ƙarfin da zai ja wannan a giyar ƙarshe, balle in akwai iska a gaba ko goyo a baya. Sai babur ya yi nauyi, ya ƙi sakin jiki, wani lokaci ma gudun da yake yi dā ya gagare shi. An kashe kuɗi, an sayi wahala.

To, wanne za a canja, na gaba ko na baya? Na gaba ya fi araha, ya fi saurin sawa, kuma sau da yawa tsohon tsawon sarƙa yana isa, sai dai a ja taya baya kaɗan. Aibinsa shi ne, gwargwadon ƙanƙantar faifai gwargwadon yadda sarƙa ke lanƙwasa a kansa, haƙora kaɗan kuma ke ɗauke da nauyin duka, saboda haka ya fi saurin cinyewa. A ganina a rage haƙori ɗaya a tsaya nan. Na baya ya fi sauƙi ga sarƙa, ya kuma fi ba ka damar gyara kaɗan-kaɗan, ka ƙara biyu ko uku. Amma haƙori uku na iya sa sai an ƙara wa sarƙa gaɓa biyu, gama bibbiyu ake ƙara ta. Sa'an nan baburan da sarƙarsu ke cikin rufaffen murfi, a auna tukuna, kada babban faifai ya riƙa gogar murfin. Wasu kan cire murfin su jefar, wannan kuwa a ƙasarmu mai ƙura kuskure ne babba. Yashi da mai in sun haɗu a kan sarƙa, dutsen wasa ne.

Kafin ka je kasuwa, ka san abin da ke jikin babur ɗinka. Akan buga yawan haƙora a jikin faifan, kamar 14T. In lambar ta goge, sa alli a haƙori ɗaya ka ƙirga. Ka kuma duba lambar sarƙa. Ƙananan babura yawanci 420 ne ko 428. Tsawon gaɓarsu ɗaya ne, rabin inci, amma 428 ta fi faɗi, saboda haka faifan wannan ba ya zama daidai da sarƙar waccan. Abin da ya fi, ka tafi da tsohon faifan a hannu, a gwada ramukan ƙusa ido da ido.

Kada ka sa sabon faifai a tsohuwar sarƙa. Sarƙar da ta miƙe ba ta zama daidai cikin haƙora, za ta cinye sabon faifan tun kafin ka mori kuɗinka. Ga yadda ake ganewa: kama sarƙa ta can bayan babban faifai, ka ja ta waje. In ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama aiki. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata kamar farcen shaho, su ma haka. Lokacin da ya fi dacewa da wannan gyara ke nan, watau ranar da za ka sake duka ukun tare, gama dā ma kuɗin za su fita.

In makaniki ya gama, tsaya ka duba da kanka. Sarƙa ta sami sassauci na wajen inci ɗaya a tsakiyarta, ana taɓa ta tana hawa tana sauka. Babur mai ɗaukar kaya ya fi bukatar wannan, domin in buhu ya danne baya sarƙa takan ƙara ɗamewa, sai a gwada da kayan a kai. Alamomin jan taya na hagu da na dama su zo daidai, kada taya ta karkace. Ɗan ƙarfen da ke kulle gaɓar haɗi kuwa, rufaffen kansa shi zai fuskanci inda sarƙa ke tafiya. In an juya shi, wata rana zai fita a daji. Agogon gudu ba ruwansa da wannan canji in daga tayar gaba yake karatu, kamar yadda yake a yawancin ƙananan babura.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi. Faifai ya ƙara wa babur ja, amma bai ƙara wa birki komi ba, bai ƙara wa taya ko ƙashin babur komi ba. Wanda ya ga babur ɗinsa yanzu yana tashi da buhu biyu na kilo 100 ba gardama, ya ce bari ya ɗora na uku, to, zai tashi lalle, amma a gangara birkin nan na dā ne zai tsai da shi. Nauyin da masu ƙera shi suka yarda ya ɗauka yana rubuce cikin littafin da ake bayarwa tare da babur. A gangara mai tsawo da kaya, ka sauko giya ta ɗaya ko ta biyu tun daga sama, injin ya taya birki riƙewa. Ka kuma ajiye tsohon faifan in yana da sauran rai, ka shafa masa baƙin mai ka naɗe a tsumma, domin in jigilar kaka ta wuce ka koma hawa kwalta, mai yiwuwa ka so mayar da shi.