Kwana a tsibirin Chumbe: inda baƙo ke biyan kuɗi mai yawa don ya yi tsimin ruwa

A cikin Tekun Indiya, kusa da birnin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, akwai wani ɗan tsibiri wanda ba shi da rijiya ko ɗaya, kuma wayar lantarki ba ta isa gare shi ba. Duk da haka masu hali daga ƙasashe dabam-dabam suna zuwa su kwana a cikin bukkokinsa 7. Kuɗin da suke biya shi ke tsaron dajin tsibirin da murjanin tekunsa tun shekarar 1998. Ga yadda abin yake tafiya, ga kuma inda rauninsa yake.

Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya taɓa sauka a otel a Yamai, ko Kwatanu, ko Lome, ya san abin da ake biyan kuɗi dominsa: ɗaki mai sanyi, telebijin, da pampo mai kawo ruwa dare da rana. Idan ɗaya ya ɓaci, sai a kira mai otel a yi masa ƙorafi. To, a tsibirin Chumbe babu na'urar sanyaya ɗaki, babu telebijin, babu tafkin ninkaya, ruwan wanka ma da lissafi ake zuba shi. Amma kwana ɗaya na mutum ɗaya ya zarce jaka 100 na kuɗinmu na sefa. Mai karatu zai ce: to me ake sayarwa a nan?

Hanyar zuwa

Zanzibar tsibirai ne da suka haɗu da Tanganyika a shekarar 1964 aka samu ƙasar Tanzaniya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba. Mafi yawan mutanensu musulmi ne, harshensu Suwahili, kuma duniya ta san su da noman kanumfari. Chumbe yana kudu maso yamma da tsohon birnin Zanzibar, tazarar kamar kilometir 12. Tsawonsa bai fi kilometir 1 da 'yan kai ba, faɗinsa kuwa kamar metir 300.

Da ƙaramin jirgin ruwa mai inji ake zuwa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba idan teku ta kwanta. Abin da baƙo zai fara hangowa shi ne farar hasumiya mai fitila, wadda aka gina a shekarar 1904, zamanin da Ingila ke riƙe da ragamar masarautar Zanzibar, domin nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. A gindinta akwai gidan da mai tsaron fitilar ya zauna, wanda yanzu ya zama wurin tarbar baƙi da cin abinci, da kuma wani ƙaramin masallaci mai fasalin ginin Indiya, inda ma'aikatan tsibirin ke salla. Idan jirgi ya iso bakin gaɓa, baƙo ya naɗe ƙafar wando ya taka ruwa. Daga nan ya yi sallama da ƙarar mota.

Bukkar da ke tara ruwanta

Ƙasar tsibirin ba ƙasa ba ce irin tamu. Tsohon dutsen murjani ne mai ramuka, wanda ruwan sama ke zurarewa cikinsa nan take ya gauraya da na gishiri. Ko an gina rijiya, ruwan ɗaci za a tarar. Saboda haka aka gina kowace bukka ta zama mai neman ruwan kanta.

Jinkar dogo ce, an yi ta da ganyen kwakwa, an kuma lanƙwasa ta yadda duk ɗigon da ya faɗo zai gangara wuri ɗaya. Daga nan ruwan ya bi ta cikin tsakuwa da rairayi ya tace, ya shiga babban tankin siminti da ke ƙarƙashin daɓen ɗakin. Wato baƙo a bisa ruwansa yake zaune. Zanzibar na da damina biyu: babba daga watan Maris zuwa Mayu, ƙarama wajen ƙarshen shekara. Abin da aka tara a waɗannan watanni shi za a ci har ruwa ya dawo. Da hannu ake buga pampo a ɗaga ruwan zuwa wani ƙaramin shato, zafin rana kuma ya ɗumama na wanka.

Hasken dare daga faifan rana yake fitowa. Sanyi kuwa iskar teku ce: ƙasan bukkar a buɗe yake, wurin zama da hutawa, samanta kuma wurin kwana ne da gidan sauro, da wani bango na tabarma wanda ake saukewa a ga teku daga kan gado.

Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne ban-ɗaki. Ba a zuba masa ruwa ko kaɗan. Wanda ya gama sai ya watsa ɗan busasshen taki a ramin, wani bututu ya fitar da wari ta sama, bayan watanni abin ya ruɓe ya koma taki. Ruwan da aka yi wanka da shi ma ba a sakinsa ya tafi: ana bi da shi ta matata, sannan ya shiga wani fage da aka rufe ƙasansa aka shuka tsire-tsire masu shanye shi. Manufar ita ce kada ko ɗigo ɗaya na ƙazanta ya isa teku.

Mu da muka san sayen ruwa wajen ƴan garuwa a watan bazara, ba sai an koya mana tsimin ruwa ba. Abin lura shi ne yadda sauran otel-otel na Zanzibar suke yi. Wani rahoto da ƙungiyar Tourism Concern ta ƙasar Ingila ta fitar a shekarar 2012 ya nuna cewa, a wasu ƙauyukan bakin teku na Zanzibar, ɗaki ɗaya na otel yana cin ruwan da ya ninka na gida ɗaya sau 16 a kowace rana. Inda otel ke jan ruwan ƙarƙashin ƙasa da inji, rijiyar talaka ce ke fara yin gishiri.

Dukiyar da ke ƙarƙashin ruwa

Duk wannan wahala saboda murjani ake yin ta. Mu a nan, murjani tsakiya muka san shi, abin wuyan amare. A cikin teku kuwa halitta ce mai rai: wasu ƙananan dabbobi ne, dubbai a haɗe, waɗanda ke gina wa kansu gida na dutse, sannu a hankali, tsawon ɗaruruwan shekaru. A jikinsu akwai wani gansakuka da ido ba ya gani, wanda ke ciyar da su da taimakon hasken rana. Waɗannan gine-gine su ne garin kifi: nan suke ƙwai, nan ƙananansu ke ɓuya har su girma.

Murjani ba ya son datti. Idan ruwan masai ya shiga teku, sai ciyawar ruwa ta samu taki ta yi ƙarfi ta rufe shi, ya mutu. Ba ya son a taka shi ko a jefa masa ƙugiyar jirgi. Kamun kifi da nakiya, wanda ya daɗe yana ɓarna a gaɓar Tanzaniya, yana rugurguza aikin shekaru ɗari cikin ƙiftawar ido.

Murjanin yammacin Chumbe ya tsira ne da wani dalili na sa'a: yana dab da hanyar manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Zanzibar da Darussalam, don haka an daɗe ana hana ƙananan kwale-kwale kusantar wurin. Masana sun ƙidaya irin murjani fiye da 200 a wannan ɗan wuri, da irin kifi fiye da 400. Baƙo yakan sa gilashin ido da bututun shaƙar iska, ya kwanta bisa ruwa, jagora na gabansa, ya kalli abin da ke ƙasa. Sharaɗin kuwa ɗaya ne: ido ya gani, hannu kada ya taɓa. Ba a kama kifi, ba a ɗaukar ko ƙwanso.

A tudu ma akwai abin kallo. Kurmi ya rufe kusan dukkan tsibirin, itatuwa sun kafa saiwa cikin ramukan dutse. An kawar da ɓeraye gaba ɗaya a shekarar 1997, domin suna cinye ƙwan tsuntsaye. Bayan haka aka kawo wata irin ƙaramar gada ta Zanzibar wadda ta kusa ƙarewa a duniya. Idan dare ya yi, jagora kan ɗauki tocila ya kai baƙi su ga ƙaguwar kwakwa, wadda babu ƙaguwar tudu da ta kai ta girma: takan kai kilo 4, tana hawan itace, kuma da ƙarfin hannunta take fasa kwakwa.

Wa ke da wurin, wa ke tsaronsa?

Wata Bajamushiya ce mai suna Sibylle Riedmiller, wadda ta yi aikin raya ƙasa a Tanzaniya, ta fara wannan shiri a shekarar 1991. Ta kafa kamfani mai suna Chumbe Island Coral Park, ta shiga tattaunawa da ma'aikatun gomnatin Zanzibar, abin da ya ɗauki shekaru. A shekarar 1994 gomnati ta ayyana murjanin a matsayin wurin da doka ta kare, ta kuma danƙa wa kamfanin kula da shi da kurmin bisa yarjejeniya. Sai a shekarar 1998 aka fara karɓar baƙi. Ana lissafa Chumbe cikin wuraren farko a duniya inda kamfani mai zaman kansa ya ɗauki nauyin tsaron wani yanki na teku, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Global 500 a shekarar 2000.

A nan ne ƴan kasuwa da ma'aikata za su so su duba da kyau. Ƙasa ta gomnati ce, doka ta gomnati ce, amma albashin masu tsaro, da man jirgi, da gyaran kaya, daga aljihun baƙi suke fitowa. Ribar da ta saura ana mayar da ita cikin aikin. Bukkokin 7 ne kawai, an kuma ƙayyade yawan masu zuwa yini, domin yawan ƙafa ma ɓarna ne. Tunda ba za a ƙara ɗakuna ba, sai a ƙara farashi. Dalilin tsadar ke nan.

Tun farko masunta ba su yi murna ba, domin an rufe musu wuri. Dabarar da aka yi ita ce ɗaukar masu tsaro daga cikinsu, mutanen ƙauyukan da ke kusa, waɗanda suka san teku kuma suka san kowa da sunansa. Ba sa ɗaukar bindiga. Idan kwale-kwale ya shigo wurin da aka hana, da baki suke zuwa. Hujjarsu kuwa mai sauƙi ce: kifin da aka bari ya girma a nan zai yi ƙwai da yawa, 'ya'yansa kuma ba su san iyaka ba, za su bazu har inda aka halatta jefa koma. Haka kuma masu tsaron sun sha ceto masuntan da injinsu ya mutu ko iska ta kifar da jirginsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani kaso na kuɗin yana tafiya wajen kawo ƴan makaranta da malamansu kyauta. Dubban yara sun zo. Da yawa daga cikinsu, musamman ƴan mata, a bakin teku aka haife su amma ba su iya ninkaya ba, kuma a Chumbe ne suka fara ganin abin da ke ƙarƙashin ruwan ƙasarsu da idonsu.

Inda gizo ke saƙa

Bai kamata a rufe ido ga raunin wannan tsari ba. Na farko, ya dogara ga baƙon da ke zuwa daga nesa. A shekarar 2020, da annobar korona ta tsayar da jiragen sama, sai kuɗin shiga ya yanke, alhali murjani na buƙatar mai tsaro kowace rana. A lokacin ne kuma mutanen da suka rasa aikin otel suka koma ga teku neman abinci. Sai da aka nemi gudummawa daga waje kafin aikin ya ci gaba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Na biyu, akwai maƙiyin da mai tsaro ba ya iya korewa. Idan ruwan teku ya yi zafi fiye da kima, murjani yakan fitar da gansakukan da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. Haka ta faru a wurare da yawa na Tekun Indiya a shekarun 1998 da 2016. Murjanin da ba a dame shi da datti da nakiya ba ya fi saurin farfaɗowa, amma bai fi ƙarfin ɗumamar duniya ba. Kuma baƙon da ya yi tsimin guga ɗaya na ruwa a bukkarsa, jirgin sama ne ya kawo shi daga Turai, hayaƙinsa na cikin abin da ke ƙara wannan zafi.

Na uku, mutumin Zanzibar mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya biyan kwana ɗaya a wurin ba. Idan ba don shirin ƴan makaranta da ayyukan da aka ba mutanen ƙauye ba, da sai a ce an killace aljannar duniya an ba baƙi mabuɗi.

Duk da haka, ga abin da ido ke gani: wurin da aka rufe tun shekarar 1994 yana nan da murjaninsa da kifinsa, kuma kuɗin bukkoki 7 ne ya riƙe shi, ba baitulmali ba. Baƙon da ya kwana can yana biyan albashin mutumin da ke zaune bakin gaɓa da asuba yana duban teku, kada wani ya jefa koma inda aka hana. Ranar da baƙi suka daina zuwa, gomnatin Zanzibar ce za ta amsa tambayar wanda zai biya wannan albashi. Allah shi sa kafin ranar an yi tanadi.