Yadda Ake Shirya Maƙala Don Mujallar Binciken Ciwon Daji

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe muna ɗaukar mujallun likitanci a matsayin gonar da ba tamu ba. Amma sau da yawa edita yakan mayar wa likita maƙalarsa tun kafin masana su gan ta, saboda ba a bi ƙa'idar mujallar ba, ko kuma rubutun bai fito da ma'ana sarai ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin matakan da ake bi wajen shirya rubutu da miƙa shi ga mujallar binciken ciwon daji, wato sankara, sannan ta nuna inda ɗalibin harshe yake da abin yi.

Zaɓen Mujalla

Mataki na farko shi ne marubuci ya san inda zai kai hajarsa. Alal misali, mujallar Cancer Research, wadda Ƙungiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka take bugawa, ta fara fitowa da wannan suna a 1941, kuma ta fi karkata ga binciken ɗakin gwaji. Ita kuwa Journal of Clinical Oncology, wadda ta fara fitowa a 1983, ta fi mayar da hankali ga binciken da ya shafi majiyyata kai tsaye. Kowace mujalla tana da shafin umarni ga marubuta, kuma wajibi ne a karanta shi kafin a fara rubutu. Haka kuma, ba a yarda a aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda ba.

Tsarin Maƙalar

Bayan take da sunayen marubuta, sai tsakure, wanda mujallu da yawa ba sa yarda ya wuce kalmomi 250. Gundarin maƙalar yana da sassa huɗu. Gabatarwa tana faɗin tambayar da ake son amsawa. Hanyoyin bincike suna bayyana abin da aka yi daki-daki, yadda wani masani a wata ƙasa zai iya maimaita shi. Sakamako yana kawo abin da aka samu da alƙaluma da jadawali, ba tare da ra'ayi ba. Tattaunawa kuma tana fassara sakamakon, ta faɗi inda binciken ya gaza.

Mu a sashenmu mun saba da salon APA, inda ake kawo sunan marubuci da shekara a cikin rubutu. Mafi yawan mujallun likitanci lambobi suke amfani da su, bisa salon da ya samo asali daga taron da wasu editoci suka yi a birnin Bankuba na ƙasar Kanada a 1978.

Ƙa'idojin Ɗa'a

A 1951 aka ɗebi ƙwayoyin halitta daga jikin wata Baƙar fatar Amurka mai suna Henrietta Lacks, wadda ke fama da sankarar bakin mahaifa, ba tare da an nemi izininta ba. Ƙwayoyin, waɗanda ake kira HeLa, sun ci gaba da hayayyafa a ɗakunan gwaji na duniya. A shekarun 1960 aka gano cewa sun gurɓata wasu ƙwayoyin da masana suke zaton na wasu sassan jiki ne. Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, mujallun ciwon daji da dama suna neman marubuci ya bayyana asalin ƙwayoyin da ya yi aiki da su da yadda ya tantance su. Na biyu, duk binciken da aka yi a kan mutane dole ne ya nuna amincewar kwamitin ɗa'a da yardar majiyyata, kamar yadda Sanarwar Helsinki, wadda aka fara fitarwa a 1964, ta tanada. Tun 2005 kuma manyan mujallu suke buƙatar a yi wa gwajin magani rajista kafin a fara ɗaukar majiyyata. Marubuci zai kuma bayyana wanda ya ɗauki nauyin binciken.

Miƙawa da Tantancewa

Ta intanet ake miƙa maƙala, tare da wasiƙa zuwa ga edita mai bayyana sabon abin da binciken ya kawo. Idan edita ya gamsu, sai ya tura ta ga masana biyu ko uku, waɗanda galibi ba a sanar da marubuci sunayensu. Hukuncin yakan kasance a karɓa, ko a yi gyara, ko a ƙi. Idan gyara ne, marubuci zai amsa kowace suka ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, ya nuna shafin da ya gyara.

Gurbin Ɗalibin Harshe

Idan an yi bincike a tsakanin Hausawa, takardar neman yarda da jerin tambayoyi sai an fassara su. Al'adar masu bincike ita ce mutum ɗaya ya fassara zuwa Hausa, wani daban ya mayar da fassarar zuwa Ingilishi ba tare da ya ga asalin ba, sannan a kwatanta. Ana bayyana wannan a sashen hanyoyin bincike. Mu da muka koyi Hausa a aji mun san yadda harafi ɗaya yake sauya magana: sankara daban, sanƙarau daban, domin shi sanƙarau cutar kumburin mayafin ƙwaƙwalwa ce. Majiyyacin da ya sa hannu a kan takardar da bai fahimta ba, bai bayar da yarda ba. Amsar da aka samu daga gurguwar tambaya kuwa, kuskure ne da zai bi alƙaluma har cikin mujalla, daga nan ya koma kan marasa lafiya.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa abin da edita yake nema shi ne rubutun da wani zai karanta, ya gane, ya kuma iya tabbatarwa. Saboda haka ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara mu riƙa leƙa shafukan umarni na irin waɗannan mujallu, mu kuma dage da darasin fassara da na ƙa'idojin rubutu. Likita ya san cuta, amma yana buƙatar wanda ya san kalma.