Ko Ka Sani? Kyamarar Da Ke Ganin Ɗumin Taurari

Ko ka san akwai kyamarar da ba ta aiki sai an sa ta cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba?

Ɗauki rimot ɗin talabijin, ka saita bakinsa ga kyamarar wayarka, ka danna. A wayoyi da yawa za ka ga ɗan ƙwan da ke bakinsa yana ƙyaftawa, alhali idonka bai ga komai ba. Wannan ɓoyayyen haske shi Turawa ke kira infrared, mu ce masa hasken ɗumi. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800, da ya raba hasken rana kala-kala, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya hau. Duk abu mai ɗumi yana fitar da shi: katangar ƙasa da ta wuni tana shan rana, garwashin da toka ta rufe, har goshin mutum. Shi na'urar nan da aka riƙa saita mana a goshi lokacin korona take karantawa.

Wanda ya taɓa kwana a Miga cikin hunturu ya san yadda hazo ke dusashe Kaza da 'Ya'yanta. To, can samaniya ma akwai gajimaren ƙura, kuma a cikinsa ake haihuwar taurari. Hasken da ido ke gani yakan maƙale a ciki, na ɗumi kuwa ya ratsa ya fito.

Wahalar ita ce kyamarar da ke kama wannan haske ita kanta tana da ɗumi. In an bar ta haka, zafin jikinta zai makantar da ita, kamar mai neman tauraro alhali an haska masa tocila a ido. Shi ya sa ake rufe ta cikin wata tukunya da aka zuƙe wa iska, irin dabarar filas ɗin shayi, a sanyaya ta a hankali.

A nahiyarmu akwai irinta a Sutherland, a Afirka ta Kudu, inda madubin hangen nesa na IRSF mai faɗin mita 1.4 ya fara aiki a 2000, da haɗin gwiwar Jami'ar Nagoya ta Japan. Kyamararsa SIRIUS tana ɗaukar hoto uku a lokaci guda. An zaɓi tudu mai busasshiyar iska ne saboda laimar iska tana shanye wannan haske.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin mai zama gaban kwamfuta. Ba ya leƙa madubi da ido ko sau ɗaya. Ya fara duba sanyin kyamara, sannan ya ɗauki hoto bakinta a rufe, don ya san dattin da take haifarwa da kanta. Da yake samaniya ma tana ƙyalli da hasken ɗumi, sai ya yi ta ɗaukar gajerun hotuna, yana ɗan gusar da madubin tsakaninsu. Kwamfuta ta ɗebe ƙyallin samaniya, ta tara sauran, sai ga taurarin da dā babu alamarsu.

Uwa-uba madubin hangen nesa na James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, yana can kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Kyamararsa NIRCam tana aiki a wajen digiri 233 ƙasa da sifili, a inuwar wata laima mai hawa biyar, masu sarrafa ta kuwa suna zaune a Baltimore ta Amurka. Hotunanta suna shiga rumbun intanet mai suna MAST, kuma kyauta ake saukewa. Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Dutse, in kana da kwamfuta da data, ƙofar a buɗe take gare ka.