Ragnar Klavan

Ragnar Klavan (an haife shi a ranar 30 ga watan Oktoba, 1985) tsohon ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne ɗan ƙasar Estoniya wanda ya yi fice a matsayin mai tsaron baya. Shi ne ɗan ƙasarsa na farko da ya ci ƙwallo a gasar Firimiya ta Ingila.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Viljandi. Mahaifinsa, Dzintar Klavan, shi ma ya buga wa ƙasar wasa. Ragnar ya taka leda a Tulevik ta garinsu kafin ya koma Flora da ke Tallinn a 2003.

Wasa a ƙungiyoyi

A 2005 ya koma Heracles Almelo ta ƙasar Holan. Daga nan ya wuce AZ Alkmaar a farkon 2009, inda suka lashe gasar ƙasar a wannan kakar ƙarƙashin koci Louis van Gaal. A 2012 ya koma Augsburg ta Jamus. Ƙungiyar ta ƙare a mataki na biyar a kakar 2014–15, abin da ya ba ta gurbi a gasar Europa, inda Liverpool ta fitar da ita a Fabrairun 2016.

Bayan 'yan watanni sai Liverpool ɗin ta saye shi. A ranar 1 ga Janairu, 2018, ya ci Burnley ƙwallo da ka ana dab da tashi, Liverpool ta yi nasara da ci 2–1. Yana benci a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2018 da Real Madrid ta lashe. A watan Agustan shekarar ya koma Cagliari ta Italiya, sannan ya dawo gida a 2021 ya shiga Paide Linnameeskond.

Wasa a tawagar ƙasa

Klavan ya fara buga wa Estoniya wasa a 2003 yana ɗan shekara 17, a karawa da Lituweniya. Yana cikin tawagar da ta zo ta biyu a rukuninta na neman gurbin gasar Euro 2012, amma Ireland ta fitar da su a wasan cike gurbi da jimillar ci 5–1. Ya riƙe kyaftin na shekaru da dama, ya buga wasa fiye da 120, kuma sau bakwai ana zaɓensa gwarzon ɗan ƙwallon Estoniya na shekara.