SHAFA DABAM, YAƁA DABAM: KALMOMIN YAWA A TURANCI DA HAUSA

Ko wane malamin da ya taɓa gyara takardun yara na Turanci ya san kalmomin nan biyu, watau "plenty" da "put". In yaro zai faɗi yawan abu, ko ruwa ne, ko mutane, ko hatsi, sai ya rubuta ta farin. In kuwa an shafa mai ne, ko an yaɓa ƙasa, ko an barbaɗa gishiri, sai ya rubuta ta biyun, ya huta. Mu da mu ke aikin horon malamai mun daɗe muna duban wannan al'amari. Abin da mu ka gano shi ne, ba ƙarancin basira ke damun yaran ba. Hanyar da a ke koya musu ce ba ta bi ta kan abin da su ka riga su ka sani ba.

Bari mu ɗauki ƙasar Auyo misali, cikin masarautar Haɗejiya ta Jihar Jigawa, gama mutanenta sun san yalwa, ta alheri da ta ɓarna. Kogin Haɗejiya ya ratsa ƙasar, ruwansa kuwa yana gangarowa ne daga wajen madatsar Tiga da a ka gama a 1974, da ta Challawa ta 1992. In damina ta yi nauyi ya kan tumbatsa, kamar yadda ya yi a 2018 da 2020 da 2022, ya ci gonaki da gidaje. Da rani kuma ga aikin ban ruwa na kwarin Haɗejiya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Auyo a 2023.

Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ba ya tsayawa ga "da yawa" kaɗai. Zai ce kogi ya cika ya batse, kasuwa ta cika maƙil, ga kifi birjik, ga shinkafa tsibi-tsibi a masussuka. Ya ga magini ya kwaɓa ƙasa ya yaɓa wa bangon da ruwa ya zaga. Ya ga an mulke ƙanensa da man kaɗanya saboda hunturu, an lafta wa tuwo man shanu, ƙanwarsa ta damɓara kwalli. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa, amma ba ya kuskure ko ɗaya. Ƙamus ɗin da Bargery ya fitar a 1934 cike ya ke da irin waɗannan kalmomi, shaida ke nan Hausa ba matalauciya ba ce a wannan fanni.

To, Turanci ma haka ya ke, ko wace kalma da gurbinta. "Spread" ita ce shimfiɗa abu ya bi ko ina daidai, kamar man shanu a kan burodi. "Smear" ta fi kusa da damɓara, gama sau da yawa akwai ƙazanta ko rashin kula a cikinta. "Plaster" da "daub" su ne yaɓa. Ita "daub" asalinta daga Latin ta ke, ta biyo ta Faransanci, ma'anarta ta fari kuwa shafa farar ƙasa. Mutanen Ingila na dā su kan saƙa itatuwa su yaɓe da laka su yi ɗaki, da wannan kalma su ke kiran yaɓen. "Slather" ita ce lafta ko mulkewa, amma maganar hira ce, ba a sa ta cikin takardar neman aiki.

Wajen faɗin yawa, abu na fari shi ne Turanci ya raba abin da a ke ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa. Buhuna "many" ne, ruwa kuwa "much", alhali a Hausa "da yawa" ta ishe su duka. "Heap" tuli ne da a ka zuba haka nan, "pile" kuwa galibi an ɗora wani bisa wani. "Lashings" ta mutanen Ingila ce, ga abinci da abin sha a ka fi jin ta. "Galore" an aro ta daga harshen mutanen Ailan, tana zuwa bayan suna kamar yadda "birjik" ke yi. "Glut" kuwa manomin tumatir ya san ta ko bai ji Turanci ba, watau kaya su yi yawa har kasuwa ta faɗi.

Kada mai karatu ya zaci maganar cin jarrabawar WAEC ko NECO ce kaɗai. A ƙauyukanmu ɗan makaranta shi ne mai karanta wa gida takardar magani. Akwai man shafawa na ciwon fata da a kan rubuta "sparingly" ko "thinly" a jikinsa, watau a shafa kaɗan, gama laftawa na iya ɓata fata. Akwai kuma wanda a kan rubuta "liberally" ko "generously", watau a mulke sosai. Yaron da ya san ta ƙarshen nan da ma'anar karimci kaɗai, ina zai gane? Haka takin zamani da maganin ƙwari. In an zarce gwargwado shuka ta ƙone, ga asarar kuɗi, ga wahala a banza.

Saboda haka ga shawararmu ga malamai. Da fari a shigo da laka da guntun katako cikin aji, a sa yaro guda ya shafa, wani ya yaɓa, wani ya lafta. Sa'an nan a tambayi yara sunan ko wane aiki da Hausa, a bar su su yi gardama, gama gardamar ita ce darasin. Kana a ba su kalmar Turanci cikin cikakkiyar jimla, a gaya musu inda a ke faɗinta da inda ba a faɗi. Haddace jerin kalmomi daga allo ba ya kai yaro ko ina.

Akwai riba ta biyu. Auyokawa sun taɓa samun harshen kansu, ɗan'uwan Hausa na nesa, yau kuwa ba mai magana da shi. Kalmar da a ka daina faɗi ita ce ke fara ɓacewa. Malamin da ya bi wannan hanya ya koyar da Turanci, ya kuma tsare wa yara Hausarsu. Allah ya sa mu dace, amin.