Yawon Duniya Cikin Wata Guda ta Hanyar Ƙagaggun Labarai

Akwai wani tsarin karatu da masu son littafi kan bi: a ware wata guda, a zaɓi ƙagaggun labarai da kowannensu ya faru a ƙasa dabam, a karanta su bi da bi. Lissafin ba shi da wuya. Wanda ke karanta shafi 40 a rana zai tashi da shafi 1,200 a kwana 30, wato littattafai huɗu ko biyar matsakaita.

Dalilin fifita ƙagaggen labari a kan littafin tarihi ko na labarin ƙasa shi ne inda yake kai mai karatu. Baƙon da ya je gari da ƙafarsa yakan tsaya ne a zaure, ya ga abin da aka yarda ya gani. Marubucin labari kuwa cikin gida yake shiga da mutum, ya ji abin da mata da miji ke faɗa, ya ga abin da ake ci da yadda ake makoki.

Ga mai karatun Hausa, zangon farko mafi dacewa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Gajere ne, kwana biyu ya isa. Yana bin yaron da aka sace tun yana ƙarami, aka kai shi Kano, daga nan ya ƙetare Sahara tare da wani Balarabe, yayin da uwarsa ta bi sawunsa har ta faɗa bauta ta hanyar Murzuk da Tarabulus. A ciki ake ganin hanyar fatake da cinikin bayi kamar yadda suka taɓa rayuwar talaka.

Daga nan sai Dakar. Mariama Bâ ta Senegal ta wallafa Une si longue lettre da Faransanci a 1979. Wasiƙa ce doguwa da Ramatoulaye, malamar makaranta mai 'ya'ya 12, ke rubuta wa aminiyarta a lokacin takaba, bayan rasuwar mijin da ya yi mata kishiya da ƙawar 'yarsu. Wata huɗu da kwana goma na takaba, taron sadakar uku da ta arba'in, dangin miji da ke jiran rabonsu, duk Bahaushe ya san su. Daɗin wannan zango shi ne ganin abin da aka sani cikin tufafin wasu mutane.

Alƙahira ita ce ke cin mafi yawan kwanakin watan, kuma ta cancanci haka. Najib Mahfuz, wanda ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1988, an haife shi a unguwar Jamaliyya ta tsohon birni, kuma can ya kafa Bainal Ƙasraini na 1956, na farko cikin littattafai uku da ke bin zuriya ɗaya. Labarin ya fara a 1917 a gidan wani ɗan kasuwa, Ahmad Abdul Jawad, mai tsananin kulle a gida, mai shagali a waje. Matarsa Amina tana farkawa tsakar dare ta jira dawowarsa, tana leƙen titi ta tagar katako mai huje-huje, ga masallacin Husaini kusa da ita amma ba ta da izinin zuwa. Sai boren 1919 ya ɓarke, sojojin Ingila suka kafa sansani a ƙofar gidan. Littafin na da kauri, tafiyarsa a hankali take, kuma wannan jinkirin ne amfaninsa: kafin a kai rabi, mai karatu ya san lokacin da ake kwaɓa fulawa a gidan, da inda iyali ke zaman shan gahawa, da hanyar shagon maigida. Ba kowane mai yawon buɗe ido ke barin Alƙahira da irin wannan sani ba.

Sauran kwanakin za su iya ɗaukar zango biyu. Mausimul Hijra ilash Shamal na Ɗayyib Salih, na 1966, yana wani ƙauyen Sudan a lanƙwasar kogin Nilu, cikin gonakin dabino, inda mai ba da labari ya dawo bayan shekara bakwai yana karatu a Turai. Paradise na Abdulrazak Gurnah, haifaffen Zanzibar da ya ci Nobel a 2021, ya fito a 1994. Yana bin Yusuf, yaron da ubansa ya jinginar ga wani attajiri saboda bashi, cikin ayarin fatake daga gaɓar tekun Indiya zuwa tsakiyar Afirka a zamanin mulkin Jamusawa. Wanda ya fara da Shaihu Umar zai gane kamannin nan take.

Zaɓen marubuci na buƙatar lura. Jules Verne na Faransa ya rubuta labarin tafiya cikin balan-balan a 1863, wanda ya ratsa sararin Tafkin Cadi da Timbuktu, alhali bai taɓa taka wuraren ba. Daga rahotannin matafiya irin su Heinrich Barth ya tsinto bayanansa, ya haɗa da tunanin Turawan zamaninsa game da baƙar fata. Shi ya sa ɗan ƙasa ya fi cancanta a ba shi jagoranci. Ko shi ɗin ma, ganin mutum ɗaya ne a zamani ɗaya. Alƙahirar Mahfuz ta 1917 ba ita ce ta yau ba, kuma gidan Abdul Jawad ba shi ne kowane gidan Masar ba.

Batun harshe ma yana shigowa. Ban da Shaihu Umar, sauran da Larabci, Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, kuma dukkansu ana samun su da Ingilishi. Wanda ya yi karatun Larabci zai iya ɗaukar Mahfuz da Salih a asalinsu, mai karatu a Nijar kuma Mariama Bâ na hannunsa kai tsaye. Yana da amfani a ajiye taswira kusa, ko ta takarda ko ta waya, a riƙa duba kowane gari da kogi da aka ambata, sannan a bar kwana ɗaya tsakanin littafi da littafi don kada mutanen wannan labari su cakuɗe da na wancan.