Amsar Wasiƙunku: Yadda Ake Haɗa Waya Ko Memori Da Rediyon Tsohuwar Mota

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani dattijo mazaunin Samaru, wanda ya ce tun da ya yi ritaya yake ɗan taɓa haya da motarsa Golf tsakanin Samaru da Sabon Gari. Ya ce kasakasansa na karatu da na marigayi Mamman Shata duk sun tsufa, rikoda sai tauna su take yi, ɗansa kuwa ya zuba masa irinsu a cikin waya da memori. Da ya je wurin wani mai wayarin, sai aka ce masa lallai sai an cire rediyon an yanke wayoyi an sa sabo. Shi kuwa motar nan ita ce hanyar abincinsa, yana tsoron a taɓa ta. Yana tambaya ko akwai yadda zai ji abin da ke cikin wayar ta lasifikar mota ba tare da an yi wa motar illa ba.

To Baba, mun gode, matambayi ba ya ɓata. Amsa a taƙaice ita ce akwai, kuma hanyoyin uku ne, biyu daga cikinsu ba a yanke ko waya ɗaya. Kafin ka fitar da ko sisi, ka fara duba fuskar rediyon naka. Bakin kaset yana juyawa? Yana kama zangon FM? Akwai wani ɗan rami a jikinsa da aka rubuta AUX? Abin da ka gani shi zai gaya maka abin da za ka saya.

Hanya ta farko ita ce kaset mai igiya. Shi kaset irin wanda muka sani, kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963. Da faifan CD ya shigo, masu motoci a Amurka suka rasa yadda za su saurare shi a rediyon da kaset kawai ya sani, sai wani mai suna Larry Schotz ya ƙirƙiro wannan dabara, aka yi masa rajistarta a 1988. In ka gan shi ka ce kaset ne sosai, amma babu zare a cikinsa. Abin da ke ciki shi ne wani ɗan kan ƙarfe da ke fuskantar hed ɗin rikodar, wato wannan ƙarfen da zare ke gogawa a kansa. Sautin da ya fito daga waya ya biyo igiya, sai ɗan kan nan ya mayar da shi ƙarfin maganaɗisu, ita kuwa rikoda ta karanta a zaton zare ne ke wucewa. Ka ga ke nan Baba, taunar da take yi maka ba ta shafi wannan ba, tun da babu abin taunawa.

Sa shi ba wuya. Ka samu auduga da ɗan sifirit ka goge hed ɗin tukuna, domin ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ita ce ke dushe murya. Ka tura kaset ɗin yadda ka saba, ka bar igiyar ta fito ta gefen bakin, kada murfi ya datse ta. Sannan ka cusa kan igiyar a ramin sauraro na wayarka. Ka kai ƙarar waya wajen kashi uku cikin huɗu, ragowar ka riƙa daidaitawa daga rediyon mota. In ka ƙure ta waya sauti zai fashe, in ka yi ƙasa da ita ƙwarai sai shuu ya fi maganar yawa. Idan rikodar ta dinga juya fuska ita kaɗai, ko tana tofo kaset ɗin, galibi ƙananan haƙoran cikinsa ne suka cije, ko bel ɗin rikodar ya saki. Sai dai ka lura, ba kowace waya ke da wannan rami ba yanzu. Kamfanin Apple ya cire shi daga iPhone tun 2016, wasu ma sun bi sahu.

Hanya ta biyu ita ce wadda na fi ba ka shawara, tun da kana da memori. Wata 'yar na'ura ce da 'yan kasuwa ke kira MP3 ta mota, wasu su ce modileta, za ka same ta wurin masu kayan waya da na lantarki a kasuwar Sabon Gari da wajajen PZ. Ana cusa ta ne a ramin kunna sigari. Ita wannan, a gaskiyar magana, ƙaramin gidan rediyo ne wanda muryarsa ba ta wuce 'yan taku kaɗan. Tana karanta abin da ke cikin memori ko filash, wata ma tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, sai ta watsa shi a zangon FM, eriyar motarka ta kama kamar yadda take kama kowace tasha.

Sirrinta ɗaya ne, wato zaɓen mita. Zangon FM yana farawa daga 87.5 ya ƙare a 108. Ka murɗa rediyonka har ka samu wurin da babu kowa sai shuu, sannan ka danna na'urar ta nuna wannan lamba daidai. A nan Zariya kada ka kusanci 101.1, domin gidan rediyon Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a Samaru bakin ƙofarka, haka kuma 94.1 inda Queen FM take. Babbar tasha za ta danne ƙaramar na'urarka, ka ji Shata yana kokawa da mai labarai. Mutane da yawa sun fi samun sarari can ƙasan zangon, wajen 88. Kuma mitar da ta yi maka tsit a Kwangila, in ka ɗauki hanyar Kaduna ko Kano kana iya tarar da mai ita, sai ka sake wata. Ga masu motocin da aka shigo da su daga Amurka, rediyonsu ba ya tsayawa sai a kan lamba mara, kamar 88.1 da 88.3 da 88.5, don haka in suka sa na'urar a 88.2 ba za su taɓa samun sauti garau ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai. Ramin sigarin nan wutar batir ce a cikinsa, bolt 12, kuma yana da fiyus ɗinsa, galibi mai lamba 10 ko 15. In ka cusa na'ura ba ta kawo wuta ba, kada ka yi saurin cewa jabu aka sayar maka. A tsofaffin motoci sau da yawa fiyus ɗin ne ya ƙone, ko tsatsa ta cika ramin. Ka kashe mota, ka goge shi da busasshen tsumma a kan tsinke, kada ka zura ƙarfe. In fiyus ne, a sa mai lamba irin tasa. Kada ka yarda a naɗa maka waya ko takardar sigari a madadinsa. Aikin fiyus shi ne ya mutu domin mota ta rayu. Ni kaina an taɓa yi mini wannan naɗin zamanin da nake koyarwa, ina murna an yi mini sauƙi. Ba a yi mako ba, ina kan hanya wajen Palladan na ji ƙaurin roba, hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin sitiyari. Allah ya taimake ni na tsaya na cire kan batir, amma kuɗin sabon wayarin ya ninka na fiyus ban san sau nawa ba.

Har ila yau, ka zare makulli ka duba ko fitilar na'urar ta mutu. A wasu motoci ramin sigari ba ya ɗauke wuta ko an kashe inji, in ka bar ta a ciki motar ta yi kwanaki a ajiye, sai ka nemi masu turi. Idan haka taka take, ka riƙa zare ta duk dare. Direbobin manyan motoci kuma su duba kwali, domin nasu bolt 24 ne, kuma ba kowace na'ura ke ɗauka ba. Wani abin kuma, in ka ji wani siririn kuka a lasifika yana hawa in ka taka totur, yana sauka in ka ɗaga ƙafa, hayaniyar altaneta ce ta biyo wuta. Ya fi faruwa in waya tana caji a lokacin da take haɗe da igiya. Ka zare cajar ka ji, galibi sai ya ɗauke.

Hanya ta uku, in rediyonka yana da ramin AUX, to ka huta, igiya mai kai biyu kawai za ka saya, kuma sautinta ya fi na sauran biyun kyau. In kuwa rediyon ya mutu murus, a nan ne maganar mai wayarin ta zama gaskiya, sai a sa sabo mai wurin filash. Amma ka tsaya a kansa. A fara cire kan batir na wajen da aka yi wa alamar ragi. Sabon rediyo yana zuwa da wayoyin wuta uku: rawaya ita ce mai wuta kullum, domin ya riƙe tashoshin da ka ajiye, ja tana bin makulli, baƙa kuma a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. A wasu motocin Volkswagen da Opel wuraren ja da rawaya a juye suke, shi ya sa za ka ga rediyo yana manta tashoshi duk lokacin da aka kashe mota. Ka nemi a haɗa da soket wanda ya dace da na motar. In ya zama dole a yanke, a liƙe da dalma a naɗe da baƙin salatif, domin murɗin hannu ba ya jure gargadar hanya. Kuma kada a haɗa wayar lasifika da jikin mota kamar yadda ake yi a da, tana ƙona sabon rediyo. Masu rediyon asali mai aiki su ma su sani, wasunsu suna kullewa in an cire batir, sai an sa musu lambar sirri, don haka a tabbatar da ita tun kafin a taɓa.

Saura ƙiris, Baba. Ka gwada kayan a cikin motarka a gaban mai shago kafin ka biya. Ka tsara abin da za ka saurara tun kana tasha, domin latsa waya a kan tuƙi laifi ne a wurin hukumar kiyaye haɗurra, ga kuma rayukan fasinja a hannunka, balle a cunkoson babura da Keke na Kwangila. Kada garin neman gira a rasa ido. Kasakasan nan naka kuma kada ka zubar, ka adana su a inuwa, domin zafin cikin mota shi ke fara lalata su, kuma ana iya juye su zuwa memori.

Da fatan ka gamsu. Masu tambaya su ci gaba da aiko mana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.